Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye: Fita da Jariri da Sauya Masa Kunzugu

(Taken shiri, sannan a sassauta)

Ina gaishe da iyayenmu mata na Danchadi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ina gaishe da mutanen Boɗinga da Sifawa da Dingyaɗi, da na Shagari, da duk inda muryar nan ta kai. Masu jego, barkanku da sauka lafiya, Allah ya raya mana. Magidanta kuwa, kada wanda ya murɗa rediyonsa ya ce yau zancen mata ake yi. Akwai rabonku a ciki, kuma ba kaɗan ba ne.

Zancenmu na yau ba irin wanda ake yi a kan tabarmar cin tuwo ba ne, don haka mai ci ya yi mini gafara. Za mu yi magana a kan fitsari da tutun jariri, idan suka zo uwa tana kan hanya: cikin mota, ko layin asibiti, ko tsakiyar gidan biki.

Duk macen da ta taɓa goyo ta san wannan ɗumin da ke sauka a gadon baya ba sallama. A gida ba komai ba ne. Ga buta, ga randa, ga igiyar shanya, ga masai. Abin yana zama aiki ne ranar da aka bar gida, kuma mai jego tana barin gida fiye da yadda ake zato. Da ta yi arba'in za ta shiga yawon arba'in, gida gida, a nuna yaro ga dangin uwa da na uba, wani lokaci har Yabo ko Tambuwal. Kwana biyu bayan arba'in ɗin nan yaro ya cika mako 6, ranar allurar rigakafi ta zo. Za a koma a mako na 10, a koma a na 14, a sake komawa a wata na 9. Ga suna, ga biki, ga gaisuwar rasuwa, ga ranar kasuwa. In jiki ya ƙi daɗi aka tura ku birni, Asibitin Maryam Abacha na mata da yara ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, to wannan wuni ne sukutum.

Yanzu mu yi lissafi. Ƙaramin jariri mai shan nono yana buƙatar a sauya masa sau 8 zuwa 10 a kwana ɗaya, wani ma ya fi. Wato duk bayan awa biyu zuwa uku. Kuma cikinsa yakan motsa ne lokacin da yake shan nono ko jim kaɗan bayan ya sha, saboda shigar abinci ciki ita ke tayar da hanji. Ke kuma a hanya da me kike rarrashinsa in ya yi kuka? Da nono. Kin ga ke nan tafiyar da aka fara da hantsi aka dawo bayan la'asar tana cin sauyi uku ko huɗu, in yaro lafiyarsa lau. Saboda haka ki ƙirga ɗaya ga kowace awa biyu, ki ƙara biyu a kai. Biyun nan na ranar da mota ta ƙi cika a tasha ne, ko taya ta yi faci tsakanin gari da gari, ko masu gida suka rantse ba za ki tafi ba sai an sauke tukunya. "Yanzu zan dawo" ita ce maganar da ta fi jiƙa zannuwan mata a ƙasar nan.

Na san abin da wata take faɗa a ranta: "Ni ai famfas nake sa masa, ina ruwana da wannan lissafi?" To, ƙanwata, matso kusa da rediyo, da ke nake.

Famfas ba tsohon abu ba ne a duniya. Kamfanin Procter & Gamble na Amurka ya fito da Pampers kasuwa a 1961, daga baya aka riƙa cusa wa irin waɗannan kunzugu wani garin sinadari da ke tsotse ruwa ya kumbura ya zama kamar kamu. Shi ya sa in kika taɓa famfas ɗin da yaro ya yi wa fitsari sau uku za ki ji samansa a bushe. A nan yaudarar take. Fitsarin yana nan a ciki, tururinsa yana dukan fata, ledar da ke waje kuma ta hana iska shiga. Tutu kuwa famfas ba ya shanye shi ko kaɗan, riƙe shi kawai yake yi manne da jikin yaro. Idan tutu ya gauraya da fitsari, abin da ke fitowa yana cin fata da sauri. Ki haɗa wannan da zafin ƙasarmu, inda a watannin Maris da Afrilu da Mayu ma'aunin zafi ke haura 40, yaro yana goye, ga majanyi, ga hijabi a sama, ga mutum huɗu a kujerar mutum uku. Kafin a kai gida matsematsinsa sun yi ja wur, wani har fata ta saluɓe. Ranar ba mai barci a gidan.

Ba zan zagi uwar da ke barin yaro cikin famfas ɗaya daga safe har yamma ba, don na san abin da ya kai ta. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin komai ya tashi, kuma yawancin kayan da ake haɗa famfas da su da dala ake shigo da su. A watan Disamban 2023 masu Pampers suka sanar da cewa za su daina sarrafa kaya a Nijeriya, sai dai su riƙa shigowa da su daga waje. A 2024 masu Huggies suka ce za su rufe masana'antarsu ta Ikorodu a Legas. Molfix, na wani kamfanin Turkiyya da ke da masana'anta a Agbara cikin jihar Ogun, shi ya fi cika shaguna. Yau a kantunan ƙauye ɗaiɗai ake sayar da famfas, kamar yadda ake sayar da dunƙulen miya. Wadda ta sayi ɗaya da kuɗin da ta tara daga kaɗi ko ƙuli, ba ta son ta ga ta cire shi bayan awa biyu. Na fahimta. Amma kuɗin da ta ji tsoron kashewa a kanti shi za ta kai wa mai kemis, da riba.

Shawarata ita ce a raba aiki. A gida a bar famfas ya huta. Iyayenmu sun raini yara goma goma da tsumma mai tsabta, kuma tsohon zanen atamfa da ya sha wanki ya yi laushi ya fi wani sabon nafkin daɗi a jikin jariri. A yayyanka, a kai wa tela ya daje bakin, a samu goma sha biyu ko fiye, a riƙa wankewa da sabulu ana shanyawa a rana. Rana kuwa Allah ya ba mu ita kyauta, ba mai kai mana takardar biya. Wani lokacin ma a shimfiɗa wa yaro leda da zane a inuwa, a bar shi ba komai ya sha iska. Kuɗin da aka yi tsiminsu ta wannan hanya sai a sayi famfas na ranar fita, isasshe, ba guda ɗaya tal ba. Wadda kuma ba ta da halin famfas ko na ranar fita, tsumma shida a ninke da wandon roba ɗaya sun fitar da ita kunya, muddin tana sauyawa da zarar ya jiƙe.

Akwai kuma wata dabara ta kakanni da nake ganin 'yan matan yanzu suna rainawa. Tsohuwa za ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a kan ƙafafunta da ɗan fo ko kasko a ƙasa, da ya tashi daga barci ko ya gama shan nono, tana yi masa ɗan sautin da ya saba ji. Kafin wata uku yaro ya gane. To wannan ita ce ta farko a shirin tafiya. Ki ba shi nono kamar rabin awa kafin ku tashi, ki ɗora shi, ki ba shi lokaci. In ya sauke nauyinsa a gida, kin rage wa kanki aiki ɗaya a hanya. Turawa yanzu littattafai suke rubutawa a kan wannan dabara, ana saye da kuɗi. Ke kuwa malamar tana ɗakin da ke kallon naki.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan fita da jariri da shirin sauya masa kunzugu a hanya. Mu buɗe jakar fita mu gani.

Ba sai jakar kanti mai aljihu goma ba. Jakar buhu ko ta yadi ta isa, in dai an ware ta don wannan aiki kaɗai, ba a jefa goro ko ƙosai ko gorar kunu a ciki. Abin da mata suka fi mantawa shi ne abin shimfiɗa. A tashoshinmu da kasuwanninmu ba a gina wa jariri wurin sauyi ba, saboda haka wurin ma ke za ki tafi da shi: leda mai kauri, faɗin kamu biyu, da ɗan zane a kanta. Da su ko gindin bedi ya zama ɗaki. In babu su kuwa, za ki kwantar da yaro a kan bencin da marasa lafiya suka wuni suna zama, ko a kan tabarmar da masu gida ke salla.

Sai ruwa. Gora ɗaya cike, ta wanki, daban da ta sha. Kada ki ce ai can akwai ruwa. Wataƙila akwai, amma ta yaya za ki ɗebo? Da hannun da kika gama goge yaro za ki kama moɗar da ke kan randar mutane, ki tsoma ta cikin ruwan da gida duka zai sha. Ta nan cuta ke shiga gida, ba ta ƙofa ba. Ki haɗa da guntun sabulu a ƙulle, da auduga ko ƙananan tsummoki masu laushi. Tishu mai laima da ake sayarwa yana da sauƙin aiki ga mai hali, sai dai a nemi marar turare, a kuma rufe bakinsa da kyau don iskarmu ba ta barin abu da laima. Duk da haka ruwa da auduga sun fi shi sauƙi a kan fatar da ta riga ta yi ja.

Leda biyu ko uku na ƙulle abin da ya ɓaci, a ajiye su inda hannun yaro ba ya kai, don leda a fuskar jariri ajali ce. Riga biyu da wando biyu nasa. Man kaɗanya ko basilin a ɗan gwangwani. Sannan naki: majanyi na biyu da zane ɗaya.

A kan zanen nan bari in ɗan tsaya, don tambaya ce da mata ke yawan yi wa malamai. A mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin jariri najasa ne, namiji ko mace. Amma malamai sun yi wa mai shayarwa rangwame: abin da ya taɓa tufarta daga yaro ana yafe mata shi matuƙar tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa, kuma an so ta keɓe wata tufa ta salla. Wannan yana cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin da ake karantawa a zaurukan Sakkwato tun zamanin su Shehu Usmanu, wanda ya zauna a nan Sifawa, da ƙanensa Malam Abdullahi da ya zauna Boɗinga. Kin ga zane ɗaya a jaka ya raba ki da zullumin azahar da la'asar a gidan mutane. Ƙarin bayani kuma a nemi malamai.

Yadda ake sauyin kansa ba dogon zance ba ne. Ki nemi inuwa da wuri mai lafe, nesa da inda ake girki ko cin abinci. Ki fito da komai ki jera kafin ki kunce yaro. In a kan benci ne, hannunki ɗaya kada ya bar jikinsa, don ranar da yaro zai fara juyawa ba ya sanarwa. Cikin mota tana gudu kuwa ba wurin sauyi ba ne, a roƙi direba ya tsaya. 'Ya mace ana goge ta ne daga gaba zuwa baya, kullum, don kada a jawo ƙazanta zuwa mafitsara. A bi lungunan cinya, a tsane da tsumma busasshe ba tare da gurzawa ba, a bar iska ta ɗan sha wurin, a shafa mai, a ɗaura yadda yatsu biyu za su iya shiga ta ƙugu. In jaririn sabo ne cibiya ba ta faɗi ba, a lanƙwasa bakin kunzugu ƙasa da ita. Lokacin hunturu kada a tuɓe shi gaba ɗaya, a bar ƙirji a rufe, kuma a zo da ruwa mai ɗumi a fulas.

Hoda fa? Ku bar ta. Na san muna son ganin yaro fari fat yana ƙamshi, amma ƙurarta tana shiga huhunsa, a matsematsi kuma dunƙulewa take yi da gumi. Abin da ya fi hoda muni shi ne man nan na bututu mai haɗin magani uku da ake saya a kemis, wanda wasu mata ke shafawa don haske, su kuma shafa wa jarirai kullum bayan wanka. Akwai magani mai ƙarfi a cikinsa da ke sa fata ta yi siriri, kuma a ƙarƙashin famfas jikin yaro ya fi tsotse shi. Idan ƙuraje suka wuce kwana uku ba sauƙi, ko wurin ya yi ja sosai har cikin lungu da 'yan ɗige-ɗige a gefe, ko ya fara ruwa, ma'aikacin lafiya za a kai wa ya duba.

Yanzu ga wani abu da babu shi a littafin likita, amma akwai shi a gidajenmu: kunyar ɗan fari. Yarinya ta haifi na farko, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko kallonsa ma a sace take yi. Al'ada ce mai kyau, ba ni da ja da ita. To amma an je gidan surukai, yaro ya ɓata jikinsa tun shigowa, yana ta mutsu-mutsu, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, tana jin nauyin a ga ta damu da shi. Awa biyu yaro yana cikin abinsa. Iyayena, ku ne za ku kwance wannan ƙulli. Ke uwar miji, da kin ji yaro ya canja kuka ki ce, "Miƙo min mijin nan nawa, ke kuma ɗauko jakarsa, ga ɗaki can ku shiga." Shi ke nan, kin fitar da ita. Ke kuma amarya, in ba wanda ya lura, raɗa wa ƙanwar mijinki: "Don Allah kama mini, wanga yaro ya ɓaci." Ba wanda zai ce ba ki da kunya. Wanda zai yi magana shi ne wanda ya ga jikan gidan da gyambo a cinya.

(Ɗan kiɗa)

Mun iso inda zancen ya fi nauyi. An sauya, yaro ya yi fes. Ina za a kai wanda aka cire?

Ku bi bayan kowace tasha, ku duba gefen kwalbati, ku leƙa bayan katangar gidan da aka yi biki jiya. Famfas ne a warwatse. Dalili shi ne mun ɗauka tutun jariri ba ƙazanta ba ne. "Ai nono ne kawai," in ji mu. Masana lafiya kuwa sun ce tutun ƙananan yara ya ma fi na manya haɗari, domin su ne suka fi yawan gudawa, cikinsu ya fi ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma a inda sauran yara ke rarrafe da wasa ake yar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 400,000 duk shekara a duniya. Ƙwayar rota, wadda ke sa jarirai zawo mai tsanani, ta tutu take yaɗuwa, shi ya sa Nijeriya ta shigar da ɗigon rigakafinta cikin jadawalin yara a 2022. Shan inna ma ta nan take bi. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayarta daga Afirka a watan Agustan 2020, amma wani jinsinta bai gama barin jihohinmu na arewa maso yamma ba, kuma jami'an da ke farautar ta a magudanan ruwan birane irin su Sakkwato suke ɗibar ruwa su auna. Me ya kai ƙwayar cikin magudana? Amsar kun san ta. Ba mu kuma manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe sama da 3,000, jiharmu tana cikin waɗanda suka ji jiki.

Famfas ɗin da kika cilla bayan tasha ba ya zama inda kika bar shi. Ƙuda zai sauka a kai ya tashi ya sauka a kan tiren mai awara. Kare zai ja shi. Ruwan damina zai kwashe shi zuwa tafki ko fadama, inda wani ke ban ruwan albasa, wata ke wanke kwanoni. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda duniya ta san fatarta, za ta tauna ledar ta haɗiye, ta yi ta ramewa mai ita yana sayen magani, sai ranar da mahauci ya farke tumbi a ga dunƙulen leda. Ledar kuma ba ta ruɓewa a gona, shekaru za ta yi garma tana tono ta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga yin bayan gida a kan hanyar mutane da inuwar da suke hutawa da mashayarsu. Ban ga ta inda nannaɗe shi cikin leda ya canja hukuncin ba.

Abin yi a nan ɗaya ne. In akwai masai kusa, a karkaɗe tutun a ciki. A naɗe famfas ɗin, a manne shi da maɗaurinsa, a sa a leda a ƙulle, a ƙara wata ledar, a dawo da shi gida in ba kwandon shara mai murfi a wurin. Kada a jefa shi cikin masai na zamani mai ruwa, toshe shi zai yi, ki bar wa masu gida abin tunawa da ke. A gida a haƙa rami mai zurfi can gefe, nesa da rijiya, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa. Mai tsumma ita ma ta ƙulle nata a leda, in ta dawo ta wanke, ruwan wankin kuma masai za a kai shi, ba tsakar gida ko lungu ba. Daga nan sai wanke hannu da sabulu, ana zuba ruwa yana gangarewa, kafin a taɓa nono ko abinci. Bincike ya nuna wannan kaɗai yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In sabulu ya ƙare, toka ta fi babu. Hannun yaron ma a wanke, don yakan kai shi wurin kafin ki ankara, daga can kuma sai baki.

Magidanta, na ce akwai rabonku. Wani zai tsaya a ƙofar gida bisa babur yana ta matsa oda: "Ke, ba ki fitowa? Wagga jaka duk ta mece ce, ƙaura za mu yi?" Malam, jakar nan ita za ta hana ka tsayawa a titi kana neman ruwa gida gida. Cika ta aikinka ne, yadda cefane yake aikinka. In ka ba da kuɗin mota, ka haɗa da na famfas da sabulu. In an tsaya a hanya, ba abin da zai ragu a girmanka don ka riƙe gora kana zuba mata ruwa, ko ka tsaya ka kare ta da babbar rigarka daga idon mutane. Direbobi da 'yan kabu-kabu, minti biyar ne. Kun fi haka tsayawa wurin mai shayi. Fasinjoji maza kuma a rage tsaki da toshe hanci, kowannenmu an yi masa wannan hidima, bai dai tuna ba ne.

Masu taron suna da biki, kuna tanadin tukwane da tabarmi da masu kiɗa. Ku ƙara da lungu ɗaya mai inuwa, da buta biyu da sabulu da bokiti mai murfi, ku gaya wa masu goyo ga wurinsu. Kwamitocin lafiya na mazaɓu da masu unguwanni, wannan ma abu ne da za ku iya yi wa ranar rigakafi ba sai kun jira gwamnati ba: benci ɗaya, labule, bokiti mai famfo, kwandon shara. Kuɗinsa bai kai na rago ɗaya ba.

Abu na ƙarshe: kafin ki naɗe kunzugu, ki duba abin da ke ciki, don labarin cikin yaro a nan yake. Tutun mai shan nono zalla ruwan ɗorawa ne, mai laushi, wani lokaci da 'yan gudaji, wannan lafiya ce. Jaririn da ke samun isasshen nono yana jiƙa kunzugu aƙalla sau 6 a kwana. In kin buɗe kin tarar a bushe bayan awa shida ko fiye, ga rana ana ƙwallawa, ko fitsarin ya yi kaɗan ya yi duhu, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Maganin wanda bai kai wata 6 ba shi ne ƙarin nono, ba ruwan gora ba. In tutu ya koma ruwa tsululu sau uku ko fiye, kada a ce haƙori ne a zauna jira. A ci gaba da ba da nono, a haɗa ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta a jikinsa, a karɓi ƙwayar zinc a asibiti a ba shi kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya. Leda ɗaya ta wannan gishiri ba ta da nauyi, ki bar ta a jaka. In kuwa kin ga jini a tutu, ko tutun ya fito fari kamar alli, ko maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, yaro ya ƙi kama nono, to ziyara ta ƙare. Asibiti mafi kusa za a nufa, daga inda ake.

In kun dawo gida kuma, kada ki rataye jaka sai kin zazzage ta. A wanke na wankewa, a binne na binnewa, a ɗauraye ledar shimfiɗa a shanya, a mayar da abin da ya ƙare tun a daren, domin saƙon rasuwa ko naƙudar 'yar'uwa ba ya ba da lokacin haɗa kaya.

Lokaci ya cim mana. Mai tambaya ta kai ta wurin ma'aikaciyar lafiya ranar awo ko ranar rigakafi, ko ta aiko mana mu karanta a shiri na gaba, inda za mu yi magana a kan wanki da shanyar kayan jariri lokacin damina. A gaida yara, a gaida masu goyo.

(Taken rufe shiri)